Gane Hanyar Kafa Hujja: Darasi Daga Jarrabawar Shiga Makarantun Lauya a Amurka

A ƙasar Amurka ba a shiga karatun lauya kai tsaye daga makarantar sakandare kamar yadda ake yi a Nijeriya. Sai mutum ya kammala digirinsa na farko a wani fanni, tarihi ne ko lissafi ko kimiyyar sinadarai, sa'an nan ya nemi gurbi a makarantar lauya inda zai shafe shekara 3. Da yake masu neman gurbin daga fannoni dabam-dabam suke fitowa, babu halin a gwada su da sanin doka. Abin da ake aunawa shi ne iya karatu da iya tunani. Jarrabawar da mafi yawansu ke zaunawa ita ce LSAT, wadda aka fara a 1948. Hukumar LSAC da ke garin Newtown a jihar Pensilbaniya ce ke shirya ta, kuma yawancin makarantun lauya na Kanada masu koyarwa da Ingilishi su ma suna neman sakamakonta. Maki yakan kama daga 120 zuwa 180.

A da akwai wani sashe a cikinta na wasan ƙwaƙwalwa wanda da wuya a warware shi ba tare da zane-zane a takarda ba. Makafi sun kai ƙara cewa sashen yana tauye su, aka yi sulhu a 2019, kuma daga watan Agusta na 2024 aka cire shi. Yanzu sassa uku ake ba wa maki: ɗaya na fahimtar dogon rubutu, biyu kuwa na nazarin hujja, sai sashe na huɗu da ake gwajin sababbin tambayoyi da shi, wanda ba ya shiga lissafi. Kowane sashe minti 35 ne. Sashen nazarin hujja yana ɗauke da tambayoyi kimanin 25, ke nan daƙiƙa 84 ko kusa da haka ke gaban ɗalibi ya karanta 'yar gajeriyar magana, ya karanta tambaya, ya zaɓi amsa ɗaya daga cikin biyar.

Tambayoyin wannan sashe iri-iri ne. Wata ta ce a ƙarfafa hujja, wata ta ce a raunana ta, wata ta ce a tono zaton da mai magana ya ɓoye. Akwai kuma wadda ba ta neman ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da take tambaya kurum shi ne: wace hanya mai magana ya bi daga dalilinsa zuwa matsayarsa? A ido ita ce mafi sauƙi, domin amsarta tana nan kwance a cikin maganar da aka bayar. Amma a nan ɗalibai masu ƙoƙari ke yawan yin tuntuɓe, kuma wanda bai iya ta ba, sauran tambayoyin ma lalube zai yi ta yi a cikinsu.

Inda wahalar take

Ɗan Adam in ya ji magana, abin da ke fara zuwa zuciyarsa shi ne ko ya yarda da ita ko bai yarda ba. Masana halayyar tunani sun auna wannan ɗabi'a. A wani bincike da Evans da Barston da Pollard suka buga a 1983, an ba ɗalibai hujjoji gajeru, aka umarce su da su duba ko matsaya ta biyo daga dalilan da aka bayar, ba tare da la'akari da abin da suka sani a duniya ba. Hujjojin da gininsu karyayye ne amma matsayarsu abin yarda ce, an karɓe su kimanin sau bakwai cikin goma. Masu irin wannan karyayyen ginin waɗanda matsayarsu ba abin yarda ba ce kuwa, sau ɗaya cikin goma aka karɓe su. Gini ɗaya, aibi ɗaya, amma hukunci ya sha bamban, don kawai mai karatu ya ji daɗin inda maganar ta sauka.

To, tambayar hanyar kafa hujja tana tilasta wa ɗalibi ya ajiye wannan ɗabi'a a bakin ƙofa. Ba ruwanta da ko mai magana yana da gaskiya. Kamar mahauci ne da ke feɗe dabba: ya zare tsoka gefe guda don ya ga yadda ƙasusuwa suka haɗu. Tsokar ita ce batun da ake magana a kai, gada ce ko magani ko haraji. Ƙashin kuwa shi ne yadda jumla ta tallafi jumla.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne malaman zaure ke kira manɗiƙi, wanda asalinsa ya komo ga Aristotal na Girka ta hannun malaman Larabawa. Shehu Al-Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare halaccin karanta shi a muhawarar da ya yi da Imam Suyuɗi na Masar. A harshen manɗiƙi, jumlar da ake dogara da ita sunanta muƙaddima, wadda ake son a isa gare ta kuwa natija. A wannan darasi za a kira su dalili da matsaya.

Rarrabe gaɓoɓin magana

Ga misali da aka tsara domin wannan darasi, kamar sauran misalan gwaji da za su biyo baya:

"Injiniya: Wasu na cewa nauyin manyan motoci ne ya tsattsaga gadar. Amma shekara 5 ke nan da hana manyan motoci hawanta, tsagewar kuwa bara ta fara. Abu uku ne kaɗai ke tsaga irin wannan gada: nauyi, ko girgizar ƙasa, ko zaizayar ruwa a gindi. Ba a yi girgizar ƙasa a yankin ba. Ashe ruwa ne ke cin gindinta. Don haka gyaran samanta ba zai tsinana kome ba."

Jumla shida ce, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta farko ba ra'ayin injiniya ba ne, ra'ayin wasu ne da ya kawo don ya rushe. Ɗalibi mai gaggawa yakan ɗauke ta a matsayin matsaya, don ita ya fara gani. Ta biyu da ta uku da ta huɗu dalilai ne. Rikicin yana tsakanin ta biyar da ta shida, domin kowace ta zo da alamar matsaya, ɗaya da "ashe", ɗaya da "don haka". Hanyar warwarewa ita ce a jera su biyun a saka "saboda" a tsakani, a ga wane jeri ne ke da ma'ana. "Gyaran sama ba zai yi amfani ba saboda ruwa ne ke cin gindi" magana ce mai kan gado. "Ruwa ne ke cin gindi saboda gyaran sama ba zai yi amfani ba" kuwa shirme ne. Ke nan jumla ta shida ita ce babbar matsaya, ta biyar kuma tsani ce: matsaya ce ga abin da ya gabace ta, dalili ce ga abin da ya biyo bayanta. Masu tsara jarrabawar suna son irin wannan jumla mai fuska biyu ƙwarai, kuma sukan ware tambaya guda a kan rawar da ta taka.

Hanyar da injiniya ya bi ita ce ya lissafa sabuban da za su yiwu, ya kawar da su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wanda ya saura. Mai lura zai ce ai wataƙila akwai sababi na huɗu, kamar tsatsar ƙarfe, ko kuwa ɓarnar da manyan motoci suka yi tun da can ce ba ta bayyana ba sai bara. Gaskiya ne, kuma da tambayar raunana hujja ce, da nan za a sa wuƙa. A tambayar hanya kuwa, a bayyana abin da ya yi a wuce.

Misali guda mai rushe ƙa'ida

A 1640 Bafaranshen nan masanin lissafi, Pierre de Fermat, wanda shi kansa lauya ne, ya lura da wani jerin lambobi. A fara da 2, a ninka ta da kanta a sami 4, a ninka 4 da kanta a sami 16, haka har 256 da 65,536. In an ƙara 1 a kan kowace, sai a sami 3, 5, 17, 257 da 65,537. Duk biyar ɗin ba sa rabuwa da kowace lamba sai da kansu ko da 1. Fermat ya yi amanna cewa duk lambar da ta fito daga wannan jeri haka za ta kasance har abada. Shekara 92 maganar na nan tsaye, sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa lamba ta shida, wato 4,294,967,297, daidai take da 641 sau 6,700,417. Shi ke nan. Euler bai buƙaci lamba ta bakwai ba.

Hanyoyi biyu ne a cikin wannan labari. Fermat ya tashi daga misalai kaɗan ya yanke hukunci na gama-gari. Euler ya kawo misali guda da ya saɓa wa hukuncin. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne ƙarfin wannan makami ya dogara ne ga kalmar da ke cikin iƙirarin. In an ce "duk" ko "ko da yaushe" ko "babu ko ɗaya", misali guda ya isa. In kuwa an ce "mafi yawa" ko "sau da dama", misali guda bai taɓa kome ba. Wanda aka ce masa mafi yawan masu shan taba suna cutuwa, ya amsa da cewa kakansa ya sha taba har shekara 90, ya yi amfani da makamin a inda ba ya ci.

Karɓar magana don a nuna inda za ta kai

Mabiya Aristotal sun daɗe suna koyar da cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa, gwargwadon nauyinsa. A littafinsa na 1638, Galileo na Italiya ya tunkari wannan ra'ayi da wata dabara da ba ta buƙatar hawa hasumiya. Ya ce a ɗauka maganar gaskiya ce. A sami babban dutse mai faɗowa da saurin 8, da ƙarami mai saurin 4, a ɗaure su tare a sake su. Ƙaramin zai ja babban baya, ke nan saurinsu ya gaza 8. Amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban dutsen nauyi, ke nan saurinsu ya wuce 8. Ƙa'ida ɗaya ta haifi amsa biyu masu karo da juna, saboda haka ƙa'idar ce ba ta da lafiya.

A jarrabawa wannan hanya takan ɓatar da ɗalibai don mai magana yakan yi kamar ya yarda da abokin hamayyarsa na ɗan lokaci. Alamarta ita ce "in haka ne" ko "a ɗauka cewa". Jumlolin da suka biyo bayan wannan alama aro ne, mai magana bai rungume su ba, zai mayar wa mai su da zarar sun yi masa aiki.

Kwatanta abu da makamancinsa

Wannan ita ce hanyar da lauya ke cin abinci da ita, don haka ta cancanci a daɗe a kanta. A 1928 a garin Paisley na Sikotilan, an saya wa wata mata mai suna Donoghue lemon citta a kwalba mai duhu wadda ba a ganin cikinta. Ta yi iƙirarin cewa bayan ta sha, sai ragowar ruɓaɓɓen dodon-koɗi ya fito daga kwalbar, ta kamu da ciwon ciki. Ba ita ta saya ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da kowa. Duk da haka a 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta yanke cewa mai ƙera kaya yana da nauyin kula da wanda kayan za su isa gare shi, matuƙar an shirya su ne su isa hannunsa ba tare da wani ya sami damar bincika su a hanya ba.

'Yan shekaru kaɗan bayan haka aka kawo shari'ar wani likita mai suna Grant daga Ostareliya, wanda ya sayi kayan ciki na ulu, ragowar sinadarin da aka wanke ulun da shi ya jawo masa mummunan ciwon fata. Lauyoyin kamfanin da ya saƙa kayan suka nemi su raba shari'o'in biyu: wancan sha aka yi, wannan sawa aka yi; waccan kwalba a toshe take, waɗannan kaya kuwa ana iya buɗe su. Alƙalai suka ƙi. A ganinsu, abin da ya sa aka ɗora wa mai lemo nauyi shi ne aibin ɓoyayye ne kuma kayan sun iso yadda suka bar masana'anta, kuma wannan siffa tana nan a kayan ulun, domin ba a ganin sinadarin da ido.

Bambance-bambance tsakanin lemo da tufa ba su ƙirguwa, amma guda nawa ne suka shafi dalilin hukuncin? Wannan ita ce tambayar da ke raba kwatanci mai kyau da marar kyau. Wanda ya karanta ƙiyasi a usulul fiƙihu ya san ginin da sunayensa huɗu: asali, da reshe, da illa, da hukunci. Lemon shi ne asali, tufar reshe, ɓoyayyen aibin kuwa shi ne illa. Mai kafa hujja da kwatanci yana cewa illar ta haɗa su. Mai martani kuma hanyarsa ita ce ya nuna wani bambanci da ya taɓa illar. Duk hanyoyin biyu suna fitowa a jarrabawa, sau da yawa a tambaya ɗaya mai masu magana biyu.

Tambaya cikakkiya da amsoshinta

"Ɗan majalisar gari: Tun da aka kafa fitilu a titin kasuwa, fasa shaguna ya ragu da rabi. Fitilu ne ke korar ɓarayi, ya kamata a kafa su a sauran tituna.

Ma'aji: A watan da aka kafa fitilun ne 'yan kasuwa suka ɗauki masu gadin dare. A titin tasha kuwa, inda aka ɗauki masu gadi ba a kafa fitila ko ɗaya ba, fasa shaguna ya ragu da rabi shi ma."

Ma'aji ya mayar da martani ta hanyar:

A. musanta alƙaluman da ɗan majalisa ya kawo.
B. nuna cewa kafa fitilu ya fi ƙarfin baitulmalin gari.
C. kawo wani sababi dabam, tare da misalin inda sakamakon ya samu ba tare da sababin da ake iƙirari ba.
D. tabbatar da cewa fitilu ba sa hana sata.
E. nuna cewa maganar ɗan majalisa tana karo da kanta.

Ƙa'idar aiki ita ce kowace gaɓa ta amsa dole ta sami abin da take nunawa a cikin maganar, har a iya ɗora yatsa a kansa. Amsar A ta faɗi, domin ma'aji ya karɓi alƙaluman, fassararsu ya ƙi. Amsar B tarko ce da aka ɗana da muƙamin mai magana: kunne na jiran ma'aji ya yi zancen kuɗi, amma bai ambaci ko kwabo ba. Amsar E tana bayyana hanyar Galileo, wadda hanya ce ta gaske, sai dai ba ita aka bi a nan ba. Yawancin amsoshin ƙarya haka suke, kyakkyawan bayani ne na abin da bai faru ba. Amsar D ita ce mafi haɗari, don ta yi kusa da gaskiya. Ma'aji ya jefa shakka a kan iƙirarin ɗan majalisa, bai tabbatar da kishiyarsa ba, kuma yana yiwuwa fitilu da masu gadi duk suna aiki. Kalmar "tabbatar" ta yi wa abin da ya faɗa yawa. Amsar C kuwa gaɓa biyu gare ta, kuma kowace ta sami mazauni: wani sababi dabam shi ne masu gadi, misalin kuwa titin tasha.

Abin da ke cinye lokaci a ɗakin jarrabawa shi ne karanta amsoshi biyar kafin mutum ya san abin da yake nema. Ɗalibin da ya fara faɗa wa kansa, da kalmominsa, cewa ma'aji ya ce ba fitila ba ce, gadi ne, ga shaida, zai gane C da kallo ɗaya. Wanda ya shiga amsoshin hannu rabbana kuwa, kowace sai ta yi masa kama da gaskiya, tun da da gangan aka rubuta su da kalmomi marasa nama irin su "iƙirari" da "sababi" da "ƙa'ida".

A aji

Malami ba ya buƙatar takardun LSAT kafin ya koyar da wannan. Sharhin jarida ya isa, haka ma jawaban ƙungiyar muhawara ta makaranta. Aikin da ya fi amfani shi ne a hana ɗalibai faɗin ra'ayinsu a kan batun har sai sun bayyana hanyar da marubucin ya bi a jumla ɗaya wadda ba ta ambaci batun ba sam. Minti goma na farko sukan yi wuya, domin kowa bakinsa na ƙaiƙayin ya ce marubucin ya yi daidai ko ya yi kuskure. Mataki na gaba shi ne ɗalibi ya ɗauki ƙashin ya sa masa wata tsoka, alal misali ya mayar da hujjar gada ta zama ta likita mai neman sababin zazzaɓi, ko ta makaniki mai neman abin da ya hana mota tashi. Ga magana guda don gwaji:

"Editan jarida: Masu son a hana sayar wa yara lemon kwalba suna cewa duk abin da yawansa ke cutar da yaro, wajibi ne doka ta hana sayar masa da shi. In an karɓi wannan ƙa'ida, sai a hana sayar wa yara gishiri da zuma da man gyaɗa, domin yawan kowannensu yana cutarwa. Babu mai hankalin da zai yarda da haka. Saboda haka ƙa'idar tasu ba abin dogaro ba ce."

A nemi ɗalibai su ware jumlar da ba ra'ayin edita ba ce, su nuna jumlar aro, su faɗi wace daga cikin hanyoyin da aka ambata ta fi kama da wadda ya bi. Daga ƙarshe a tambaye su ko edita ya nuna cewa ya dace a ci gaba da sayar wa yara lemon kwalba. Da yawa za su ce e. Sai a mayar da su ga jumlar ƙarshe su sake karanta ta, su ga cewa ƙa'idar ya rushe, maganar lemon kuwa tana nan inda ya same ta, domin masu son hanin suna iya dawowa gobe da wani dalili dabam.